Yadda ake mayar da ƙafa da inci zuwa mita, da sauran awon da muke amfani da su a Katsina

Duk wanda ya taɓa sayen fili, ko ya sa aka yi masa gini, ko ya shiga kasuwar hatsi a ƙasar Katsina ya san cewa awo uku ne ke tafiya tare a hannun mutane. Akwai na gargajiya, wato kamu da gaba da taku da mudu da tiya. Akwai wanda Turawan Ingila suka bar mana, wato inci da ƙafa da yadi da mil da eka. Akwai kuma awon mita da kilo da lita, wanda ya samo asali daga Faransa a shekarun 1790, Nijeriya kuma ta koma kansa a hukumance a shekarun 1970. Dillali zai ce maka fili hamsin da ɗari ne yana nufin ƙafa, takardar safiyo ta zo da mita, mai sayar da tayil kuma ya tambaye ka murabba'in mita nawa kake so. Na daɗe ina auna filaye da ɗakuna ina fitar wa mutane lissafin kayan gini, kuma yawancin asarar da na gani ta faru ne a daidai wurin da lamba ke tashi daga wani awo ta koma wani. Ga yadda nake yin aikin.

Kayan aiki

Za ka buƙaci tef na ƙarfe mai tsawon mita 5 domin ɗaki da katako, da dogon tef mai mita 30 ko 50 domin fili, kuma ka tabbata kowanne yana ɗauke da inci da santimita duka. Za ka buƙaci igiya wadda ba ta miƙewa idan aka ja ta, da turaku huɗu zuwa shida, da littafi da biro, da kalkuletar da ke cikin wayarka. Idan hatsi za ka auna sai ka nemi sikeli, idan kuma ruwa ne ko mai sai ka nemi robar da aka rubuta yawan litarta a jiki. Awon fili yana buƙatar mutum biyu, domin tef ɗin da ba a riƙe bakinsa ba yana zamewa.

Kafin ka fita, ka rubuta waɗannan a shafin farko na littafinka. Inci ɗaya santimita 2.54 ne cif, haka ƙasashen da ke amfani da shi suka tsayar tun 1959. Ƙafa ɗaya inci 12 ce, wato mita 0.3048. Yadi ɗaya ƙafa 3 ne, wato mita 0.9144. Mil ɗaya kilomita 1.609 ne. Eka ɗaya murabba'in mita 4,047 ce, hekta ɗaya kuma murabba'in mita 10,000. Laba ɗaya kilo 0.4536 ce. Ba sai ka haddace su ba, yawan aiki da su ne zai zaunar maka da su.

Mataki na 1: Ka gwada tef ɗinka

Ka buɗe tef ɗin ka duba inda aka rubuta inci 10, ka ga ko ya yi daidai da santimita 25.4 a ɗaya gefen. Wannan gwajin ya fi muhimmanci ga tela, saboda akwai tef na ɗinki da ake shigowa da su masu ɗauke da wani awo na ƙasar Sin wanda ya yi kama da inci, alhali kowane ɗaya santimita 3.33 ne. Wanda ya auna mutum da irin wannan tef, wani kuma ya yanka yadi da tef na inci, rigar za ta fito ƙarama ƙwarai. Tef na leda da ya tsufa yana miƙewa, sai ka riƙa kara shi da na ƙarfe lokaci zuwa lokaci. Ɗan ƙugiyar da ke bakin tef na ƙarfe kuwa da gangan aka bar shi yana motsi kaɗan, domin awon ciki da na waje su fito daidai, don haka kada ka buga shi da guduma da nufin gyarawa.

Mataki na 2: Ka koyi karanta gefuna biyun

Santimita an raba ta gida goma, kowane gida milimita ɗaya, saboda haka karatunta yana tafiya da ɗigo kai tsaye: santimita 84 da gida 6 shi ne 84.6. Inci kuwa an raba shi gida goma sha shida ne a yawancin tef. Layin tsakiya mafi tsawo shi ne rabi, masu bi masa su ne kwata, sai ɗaya bisa takwas, sai ɗaya bisa goma sha shida. Idan za ka shigar da su kalkuleta, rabi shi ne 0.5, kwata 0.25, ɗaya bisa takwas 0.125.

A nan ne kuskuren da ya fi kowanne yawa yake. Mutum zai auna ƙafa 5 da inci 6, sai ya danna 5.6 a kalkuleta, ya manta cewa ƙafa inci 12 ce ba goma ba. Inci 6 rabin ƙafa ne, don haka daidai shi ne 5.5. Hanyar da ta fi tsaro ita ce ka mayar da komai inci tukuna: 5 sau 12 ya ba da 60, a ƙara 6 ya zama inci 66, sannan 66 sau 2.54 ya ba da santimita 167.6. Wanda ya danna 5.6 zai samu santimita 170.7, ya ƙara santimita 3 da babu su, kuma wannan ya isa ya hana ƙyauren taga shiga gurbinsa.

Mataki na 3: Ka zaɓi awo ɗaya da za a gama aikin da shi

Kafin ka taɓa kalkuleta, ka tambayi kanka wanda zai karɓi lissafin. Idan kafinta ne mai sayen katako biyu da huɗu da falankin ƙafa huɗu da takwas, ka bar masa lissafinsa a inci da ƙafa. Idan tayil ne, ko rodi, ko takardar fili, sai a tafi da mita. Ka auna da gefen tef ɗin da ake buƙata tun farko idan hakan zai yiwu, domin awon da ba a juya ba ya fi wanda aka juya inganci. Idan dole sai an juya, a juya sau ɗaya tak, kuma kowace lamba da ka rubuta ka rubuta sunan awonta kusa da ita. Na taɓa zama shaida a wata rigima tsakanin 'yan'uwa biyu a kan takardar da aka rubuta "30 da 30" kawai, ɗaya yana cewa mita, ɗaya yana cewa ƙafa, alhali na farko ya ninka na biyu kusan sau goma sha ɗaya a girma, kuma wanda ya rubuta takardar ya riga ya rasu.

Mataki na 4: Ka juya tsawo

Daga ƙafa zuwa mita ana ninkawa da 0.3048, daga mita zuwa ƙafa kuma ana rabawa da wannan lambar, ko a ninka da 3.281. Daga inci zuwa santimita ana ninkawa da 2.54. Daga yadi zuwa mita ana ninkawa da 0.9144, saboda haka turmin atamfa mai yadi 6 mita 5.49 ne, kuma wanda aka ce ya kawo mita 6 ya kawo yadi 6 ya rage kusan rabin mita. Bayan kowane lissafi ka duba amsar da hankali: mita ta fi ƙafa girma, don haka lambar mita dole ta fi ta ƙafa ƙanƙanta. Idan ka juya ƙafa 20 ka ga 65, ka san ka raba da 0.3048 a inda ya kamata ka ninka.

Kada ka yanke lambobin bayan ɗigo sai a ƙarshen lissafi. Idan babu waya a hannu, ka ɗauki ƙafa 10 a matsayin mita 3, inci 4 a matsayin santimita 10, mil 5 a matsayin kilomita 8. Wannan ya wadatar wajen ciniki da ƙiyasi, amma ba a yanka ƙarfe ko gilashi da shi. Masu motar da aka shigo da ita daga Amurka su lura cewa agogonta yakan nuna mil: gudun 60 a irin wannan agogo kusan kilomita 97 ne a sa'a, kuma motar da ta nuna ta yi tafiyar 100,000 ta haura kilomita 160,000. Sunan Mil Tara da ke kan hanyar Katsina idan ana shiga Kano saura ne na zamanin da ake ƙirga hanya da mil, wato kimanin kilomita 14 da rabi.

A kayan gini akwai sunayen da ba su yi daidai da awonsu cif ba, kuma ya kamata ka sani. Rodin da wasu ke kira rabin inci milimita 12 ne, alhali rabin inci na gaskiya 12.7 ne, bulo mai inci tara kuma ana buga shi a kan milimita 225. Katako biyu da huɗu sau da yawa bai kai hakan ba bayan an goge shi, don haka ka sa masa tef kafin ka biya.

Mataki na 5: Ka auna fili ko ɗaki, ka fitar da girmansa

Wannan shi ne matakin da ya fi buƙatar natsuwa. Ka kafa turke a kowace kusurwa, ka ɗaura igiya tsakaninsu, sannan ka auna ɓangarori huɗun duka, kada ka auna biyu ka ɗauka sauran biyun daidai suke da su. Tef ya kasance a miƙe tsam, bai karkace ba, bai kwanta cikin kwari ba. Domin ka san ko kusurwa ta tsaya daidai, ka auna mita 3 a igiya ɗaya daga turken, mita 4 a ɗaya igiyar, sai tsakanin alamomin biyu ya ba da mita 5. Haka yake idan da ƙafa ka yi, muddin ba ka gauraya ba. Daga nan ka auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta, sau biyu a gicciye, idan tsawon biyun ya zo ɗaya kuma ɓangarorin da ke fuskantar juna sun daidaita, filin ya tsaya sosai.

Ka juya tsawo da faɗi zuwa mita kowanne daban, sannan ka ninka su. Filin ƙafa 50 da 100 shi ne mita 15.24 da 30.48, girmansa murabba'in mita 464.5. Yawancin mutane suna kiransa mita 15 da 30, wanda ya ba da 450, kuma bambancin murabba'in mita 14.5 ya kusa girman ɗaki guda. Ba ina cewa duk wanda ya sayar da 15 da 30 ya yi ha'inci ba, domin a wasu unguwanni haka aka yanka filayen tun asali. Abin da nake so shi ne mai saye ya san wanne yake biya, kuma a rubuta shi a takarda.

Babban tarkon shi ne juya murabba'i da lambar tsawo. Ɗaki mai ƙafa 12 da 14 murabba'in ƙafa 168 ne. Wanda ya ninka 168 da 0.3048 zai samu 51, ya je ya sayo tayil ninki uku na abin da yake buƙata. Dalili kuwa shi ne tsawo da faɗi duka biyun suna buƙatar juyawa, don haka lambar murabba'i ita ce 0.3048 sau 0.3048, wato 0.0929, amsar gaskiya kuma murabba'in mita 15.6. Tayil mai santimita 40 da 40 yana rufe 0.16, sai a raba 15.6 da 0.16 a samu guda 98, ni kuma nakan ƙara ɗaya bisa goma saboda yanka da fashewa, ya zama 108.

Gona ma haka ake yi mata, sai dai a ƙarshe a raba da 10,000 domin a samu hekta. Gona mai mita 120 da 85 murabba'in mita 10,200 ce, wato hekta 1.02, idan aka ninka da 2.471 ta zama eka biyu da rabi. Manoma da yawa suna kiran eka da hekta kamar abu ɗaya ne, alhali hekta ta kusa eka biyu da rabi. Umarnin da ke jikin maganin ciyawa da na taki yawanci da hekta yake zuwa. Idan kwalba ta ce lita 4 a hekta, mai eka ɗaya lita 1.6 yake buƙata, kuma idan ya zuba huɗun duka ya ɓarnatar da kuɗinsa, yana iya cutar da shukar ma.

Idan filin ba mai kusurwa huɗu daidai ba ne, ka raba shi da igiya zuwa ɓangarori masu kusurwa uku. Girman kowane ɓangare shi ne tsawon gindinsa sau tsayinsa a raba biyu, tsayin kuma ana auna shi ne a miƙe daga gindi zuwa ƙololuwa, ba ta bin gefe ba, sannan a tara su. Wasu suna haɗa ɓangarori biyu masu fuskantar juna su raba biyu su ninka, wannan yana aiki ne kawai idan karkacewar kaɗan ce, kuma yakan ba da fiye da gaskiya.

Idan babu dogon tef, ka auna igiya da ƙaramin tef ka ƙulla ta a kowace mita 5. Idan babu igiyar ma, sai taku, amma ka fara sanin takunka: ka auna mita 20 a ƙasa, ka taka ta sau uku da tafiyarka ta yau da kullum. Idan taku 26 kake yi, kowane taku mita 0.77 ne, gefen gona mai taku 150 kuma kimanin mita 115. Kamu da gaba ma haka, kowa da tsawon hannunsa, sai ka sa wa naka tef ka rubuta. Duk wannan domin ka san abin da kake saye ne, bai maye gurbin awon safiyo da takardar hukuma ba.

Mataki na 6: Nauyi da ruwa

Daga laba zuwa kilo ana ninkawa da 0.4536. A ka kuwa, ka raba labar biyu ka cire ɗaya bisa goma na abin da ya rage: laba 50 ta zama 25, a cire 2.5, saura kilo 22.5, wanda ya kusa 22.7 na gaskiya. Sikelin zamani yana da maɓallin sauya awo, ka duba fuskarsa kafin ka karanta.

Galan iri biyu ne, na Ingila lita 4.546, na Amurka lita 3.785, robar da muke kira galan a kasuwa kuma sau da yawa lita 4 ko 5 ce, saboda haka ni da lita kawai nake ciniki. Domin sanin abin da tankin ruwa mai kusurwa huɗu ke ɗauka, ka juya tsawo da faɗi da zurfi zuwa mita, ka ninka ukun, sannan ka ninka da 1,000. Tanki mai ƙafa 6 da 4 da 4 shi ne mita 1.83 da 1.22 da 1.22, kimanin lita 2,720. Litar ruwa kilo ɗaya ce, amma man gyaɗa ya fi ruwa sauƙi, jarka mai lita 25 ba ta wuce kilo 23 na mai ba.

Mataki na 7: Ka mayar da tiya da mudu zuwa kilo

Tiya da mudu suna auna cikar mazubi ne, ba nauyi ba, don haka babu lamba guda da za ta juya su zuwa kilo a ko'ina. Tiyar da ake awo da ita a Mai'aduwa ba lallai ta yi daidai da ta Funtuwa ko ta Jibiya ba, kuma tiyar gero da ta gyaɗa ko shinkafa mai ɓawo ba nauyinsu ɗaya ba. Hanyar da na amince da ita ita ce gwaji. Ka ɗora tiyar babu komai a sikeli ka rubuta nauyinta, ka sa ma'auni ya cika ta yadda ya saba cikawa, da tozonta idan da tozo yake sayarwa, ka auna ka cire nauyin mazubin. Ka maimaita sau uku ka tara ka raba uku. Idan ka samu kilo 2.4 da 2.6 da 2.5, tiyar wannan hatsin a wannan kasuwar kilo 2.5 ce, buhu mai tiya 40 kuma kilo 100. Da wannan lambar za ka iya kwatanta farashi: tiyar naira 1,500 na nufin kilo ɗaya naira 600. Ka sake gwajin idan hatsin sabo ne, domin danshi yana ƙara nauyi, bayan wata biyu kuma buhun zai ragu a sikeli ko da ba a taɓa shi ba. Sa'in zakkar fidda kai, wanda yake mudu huɗu ne na Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ma awon cika ne, don haka wanda zai fitar da kilo ya tambayi malamansa gwargwadon irin abincin da zai bayar.

Mataki na 8: Ka sake bin lissafin, ka rubuta shi

Ka ɗauki amsar ka mayar da ita inda ta fito, idan ta dawo da lambar farko lissafin ya yi. Idan takardar daga Maraɗi ko Damagaram ta fito, ka lura cewa a Nijar ana bin tsarin Faransa ne, inda waƙafi yake zama a gurbin ɗigo, don haka 15,24 a wurinsu mita goma sha biyar da 'yan kai ne, ba dubu ɗaya da ɗari biyar ba. A takardar ciniki ka rubuta tsawon kowane gefe da jiharsa, gabas da yamma da kudu da arewa, da lamba da kuma kalmomi, ka sa awon biyu duka, misali ƙafa hamsin, wato mita 15.24. A karanta wa mai saye da mai sayarwa da shaidu a bakin filin, turakun suna kafe tef yana hannu, sannan kowa ya sa hannu ya karɓi kwafinsa.